Hoton ƙashi ya ce lafiya, gwiwa ta ce da saura

Assalamu alaikum Malam. Ni matashi ne ɗan shekara 24 a cikin birnin Kano. Sana'ata sa tayil a gidaje, da yamma kuma ina buga ƙwallo a wani kulob na unguwa. Mako bakwai ke nan, muna atisaye na kafa ƙafar dama zan juya, babu wanda ya taɓa ni, sai na ji wani abu ya ce ɗas a cikin gwiwa, na zube. Kafin isha ta kumbura suntum. Washegari aka yi hoton ƙashi, aka ce babu karaya. Baba ya kai ni wurin mai ɗorin da ya taɓa ɗora yayana, ya ce targaɗe ne, ya ja ƙafar ya ɗaure ta har mako uku. Yanzu kumburi ya sauka kuma ina takawa, amma in na juya da sauri ko ina saukowa daga bene sai gwiwar ta goce kamar ba tawa ba. Sau biyu ta sarƙe, na kasa miƙe ta sai da na girgiza ƙafar. Durƙuso ya gagare ni, ga aikina duk a durƙushe ake yin sa. Wani likita ya rubuta mini hoton MRI, kuɗinsa ya kusa abin da nake samu a wata biyu, kuma ba ni da komai sai kuɗin lefen da nake tarawa. Baba ya ce tunda hoton farko ya nuna lafiya, na biyun cin kuɗi ne kawai, a koma wurin mai ɗori. Kocinmu ya ce in sha maganin kashe zafi in ɗaura bandeji in dawo fili, gasa ta kusa. Yarinyar da zan aura ban gaya mata komai ba. Ba na son in saɓa wa mahaifina, amma tsoro nake ji kada in nakasa. Ina mafita?

Wani matashi daga Kano

Wa alaikumus salam, ɗana. Sannu da jiki, Allah ya sa kaffara ne. Na karanta wasiƙarka sau biyu, kuma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne mako bakwai kana ɗauke da wannan tsoro kai kaɗai, kowa na ba ka umarni, babu wanda ya zaunar da kai ya bayyana maka abin da ke faruwa a cikin ƙafarka. Bari in fara da abin da nake gani, dalilai su biyo baya. Ka ajiye ƙwallo tun yau. Kada a sake jan ƙafar nan. Ka nemi likitan ƙashi ya duba ta da hannunsa kafin ka biya kuɗin kowane hoto, kuma ka shirya a ranka cewa da wuya ya ce maka ba ka buƙatar MRI ɗin, wato hoton da ke nuna jijiya da naman cikin gaɓa, domin labarin da ka bayar irin wanda aka yi na'urar dominsa ne.

Mu Hausawa kalmar jijiya ɗaya muke kiran abubuwa da yawa da ita: ta jini, ta laka, da waɗannan igiyoyi masu tauri da ke ɗaure ƙashi da ƙashi. Na ƙarshen nan su ne zancenmu. Manya guda huɗu ne ke riƙe da gwiwa. Biyu suna gefe da gefe, ɗaya ta ciki ɗaya ta waje, suna hana ta karkacewa. Biyu kuma suna can tsakiyar gaɓar, sun gitta juna, ɗaya ta gaba ɗaya ta baya. Ta gaban, wadda likitoci ke kira ACL, ita ce ke hana ƙashin ƙwauri zamewa gaba ko murɗewa a ƙarƙashin ƙashin cinya. Tsakanin ƙasusuwan biyu kuma akwai guringuntsi biyu masu siffar jinjirin wata, kamar gammo suke, su ke ɗaukar nauyin jiki duk sanda ka taka.

To, hoton ƙashi ba ya ganin ko ɗaya daga cikin waɗannan. Tun 1895 da Bajamushen nan Wilhelm Röntgen ya gano hasken da ake yin hoton da shi, aikinsa ɗaya ne: yana ratsa tsoka da jijiya ya wuce, ƙashi ne ke tare shi ya fito fari. Ka ɗauka an kafa rumfa, aka yi mata hoton da ba ya nuna komai sai dirkoki. Dirkokin za su fito a tsaye cas ko da duk igiyoyin da suka ɗaure su sun tsinke. Saboda haka da aka ce maka "babu karaya", gaskiya aka faɗa, kuma hoton ya yi amfaninsa, tunda dole a fara kawar da zargin karaya. Wani lokaci ma yakan nuna ɗan ɓallin ƙashi ƙarami a gefen waje na saman ƙwauri, wanda ke sa likita ya zargi tsinkewar ACL nan take. Amma "babu karaya" daban, "gwiwa lafiya" daban. Nan ne Baba ya haɗa abu biyu wuri guda, kuma ban ga laifinsa ba, domin yawancin mutane haka suke fahimtar maganar, ba kasafai kuma ake tsayawa a yi musu bayani a ɗakin hoto ba.

Yanzu dubi labarinka. Ka kafa ƙafa ka juya, ba wanda ya taɓa ka, ka ji ƙara, kuma cikin 'yan sa'o'i gwiwa ta cika. Kumburin da ke zuwa da sauri haka galibi jini ne ya taru a cikin gaɓar, wanda ke nufin wani abu ya yage a ciki. Ga kuma gocewar da take yi maka bayan mako bakwai. Duk likitan ƙashin da ya ji wannan jeri, ACL ce za ta fara faɗo masa a rai. Sarƙewar da ta yi sau biyu ita ta fi damuna, domin takan nuna guringuntsi ya yage, ɓangaren da ya yage yana shiga tsakanin ƙasusuwa kamar tsakuwa a ƙarƙashin ƙofa. Daga wasiƙa ba a yanke wa gwiwa hukunci, amma alamun nan sun wuce a kira su targaɗe a jira su wuce da kansu.

Me ya sa na ce hannu tukuna? Kai mai sa tayil ne, ka san tayil kan kwanta sumul a ido, sai ka ƙwanƙwasa shi ka ji rami a ƙarƙashi. Likitan ƙashi ma yana da nasa ƙwanƙwasawar. Zai kwantar da kai rigingine, ya ɗan lanƙwasa gwiwar, ya riƙe cinya da hannu ɗaya, ya jawo ƙwauri gaba da ɗayan. In jijiyar na nan, zai ji ta tsaya cak kamar igiya ta kai ƙarshe. In ta tsinke, ƙwaurin zai biyo hannunsa a sake. Gwajin Lachman ake kiransa, kuma zai yi wa gwiwar hagu irinsa don ya kwatanta. Zai karkata ƙafar ciki da waje ya ji jijiyoyin gefe, ya danna bakin gaɓar ya ga inda kake jin zafi. A hannun gwani, wannan duba na 'yan mintuna yakan gano tsinkewar ACL, balle yanzu da kumburi ya sauka tsoka ta daina ƙanƙamewa. Amfanin farawa da shi biyu ne. Zai rubuta a takardar hoton abin da yake zargi, mai karanta hoton ya san inda zai zuba ido. Sannan shi ne zai gaya maka inda hotonsu ke fitowa da kyau, kada ka biya sau biyu. Kai da ke Kano ka yi sa'a, ga Asibitin Ƙashi na Dala, ga Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Yankar kati da layi za su ci maka yini, amma kuɗinsu bai kama ƙafar kuɗin hoton ba.

Shi kuma MRI, abin da yake ƙarawa shi ne ganin abin da hannu ba ya kaiwa. Ba ya amfani da hasken hoton ƙashi ko kaɗan. Maganaɗisu ne mai ƙarfin gaske da igiyar rediyo, suna karanta ruwan da ke cikin naman jiki, kwamfuta ta fitar da gwiwar yanki-yanki kamar ana yanka albasa, ta gaba da ta gefe da ta sama. A nan ake ganin ko jijiyar ta tsinke gaba ɗaya ko wani sashe ne ya yage, ko guringuntsi ya tsage, a wane wuri kuma da wace siffa, ko santsin da ke lulluɓe kan ƙashi ya ɓantare. Har ƙujewar cikin ƙashi, inda cinya da ƙwauri suka gwabza a lokacin da ka faɗi, tana fitowa. A wurinka tambayar guringuntsin nan ita ce mai tsada, domin hannu yana iya zargi amma ba ya iya faɗin siffar yagewar, kuma siffar ce ke raba wanda za a ɗinke da wanda za a bari.

Kada na'urar ta ba ka tsoro. Ba allura a galibin hoton gwiwa, ba zafi. Ƙafa ake fara shigarwa, kanka yawanci yana waje. Minti 20 zuwa 40 ne, sai dai ƙara kamar ana buga guduma, za su ba ka abin toshe kunne. Aikinka kawai ka kwanta shiru, motsi kaɗan yana dagula hoton. Duk wani ƙarfe sai an cire: waya, makulli, agogo, zobe, katin banki, har laya ko guru in akwai ƙarfe a jikinsu. Akwai abu ɗaya da ya shafi sana'arka kai tsaye: in ɓarɓashin ƙarfe ya taɓa faɗa maka a ido wajen yanka da injin, ka faɗa musu kafin ka shiga ɗakin, domin maganaɗisun yana iya motsa shi. Kafin ka biya, ka tambayi ƙarfin na'urarsu. Da tesla ake auna shi. Mai 1.5 ita ce aka fi amfani da ita kuma ta wadatar ga gwiwa, akwai mai 3, akwai kuma ƙanana da ba su kai 0.5 ba, waɗanda hotonsu bai kai na manyan fitowa tar ba. Ka tambaya ko likitan hoto ne zai rubuta rahoton. In an gama, ka karɓi rahoton da hotunan kansu a faifai, domin likitan ƙashi zai so ya gani da idonsa.

Za ka haɗu da mai ce maka ga sikanin mai araha, irin wanda ake yi wa masu juna biyu. Yana da amfani wajen jijiyoyin gefe da ruwan da ya taru, saboda suna kusa da fata, amma ACL tana can a ɓoye tsakanin ƙasusuwa, ba ya ganinta yadda ya kamata. Wani hoton da ake kira CT kuwa gwanin ƙashi ne. Kada araha ta ja ka ka sayi amsar tambayar da ba ita ke gabanka ba.

Na san abin da ke ranka: in hoton ya nuna ta tsinke, shi ke nan sai tiyata, ina kuɗin? Ba lallai ba ne. In jijiyar gefe ta ciki ce kawai, galibi takan warke da kanta cikin makonni da abin ɗaure gwiwa da motsa jiki. In ACL ce, ita ba ta cika haɗewa da kanta ba, amma ba kowa ake yi wa aiki ba. Wani bincike da aka yi a Suwidin aka wallafa a 2010 ya bi matasa 121 masu motsa jiki da ACL ɗinsu ta tsinke. An yi wa wani rukuni tiyata da wuri, ɗaya rukunin aka fara musu da gashin ƙashi da ƙarfafa tsoka, aka bar tiyata sai in an ga buƙata. Rahoton da ya biyo baya a 2013 ya nuna bayan shekara biyar kusan rabin rukuni na biyu ba a yi musu aikin ba, kuma gwiwoyin rukunan biyu ba su bambanta sosai ba. Wanda yake son komawa ƙwallon gasa, ko wanda gwiwarsa ta ci gaba da gocewa duk da motsa jiki, shi aka fi ba shawarar aiki, inda ake ɗebo wata jijiya daga jikinsa a dasa a gurbin wadda ta tsinke. Amma in guringuntsi ne ya yage yana sarƙe gaɓar, nan jinkiri yana da illa, domin wanda za a iya ɗinkewa yau yana iya dagargajewa har sai dai a yanke shi, kuma gwiwar da ta rasa gammonta takan yi saurin kamuwa da ciwon gaɓa. Ka ga hanyoyi uku, kowacce da kuɗinta da lokacinta. Hoton ne zai nuna wadda kake kai, shi ya sa ban kira shi cin kuɗi ba. Sai dai ka riƙe wannan: MRI yakan nuna 'yan abubuwan da ba su ke damun mutum ba, don haka kada dogon Turancin rahoton ya firgita ka. Ka kai wa likitan da ya taɓa gwiwar, shi zai haɗa hoto da abin da ya ji a hannunsa.

Sai batun Baba. Mutumin da ya ɗauke ka da kansa ya kai ka wurin wanda ya amince da shi, ba rashin kulawa ke damunsa ba. Ya ga yayanka ya warke, ya kuma ga mutanen da asibiti ya cinye musu kuɗi ba tare da an yi musu bayani ba, ga auren ɗansa da yake son ya gani. Kada ka je masa da "likita ya fi mai ɗori sani", domin zai ji kamar shi ka raina. Ka same shi bayan isha in ya natsu, ka fara da godiya, sannan ka nuna masa ƙafar. Ka ce, "Baba, ƙashin lafiya lau kamar yadda kuka ce. Igiyar da ke riƙe da shi ce ake zargi, kuma wancan hoton ba ya ganinta. Ina neman izininku mu je Dala tare, ku ji da kunnenku." Ka roƙi likitan ya yi gwajin a gabansa, gwiwar hagu sannan ta dama. In ƙwaurin ya zamo gaba, dattijo zai gani da idonsa, kuma gani ya kori ji. In ka san maganarka ba za ta shiga ba, ka bi ta wurin yayanka ko wani kawu da yake jin nauyinsa. Shi mai ɗori kada ka zage shi, ya yi iya saninsa. Amma saninsa na jera ƙashi ne, kuma ja da murɗa ba sa haɗa jijiyar da ta tsinke a tsakiyar gaɓa, sai dai su ƙara yaga guringuntsin da ya riga ya tsage. Haka tsaga da ƙaho da sakiya a kan gwiwar da ta kumbura, ka guje su, domin in ƙwayar cuta ta shiga cikin gaɓa, matsalar ta fi ta yanzu nesa ba kusa ba.

Kocinku kuwa gasa ce a gabansa, ba na zarginsa da mugunta, amma shawararsa ita ce mafi haɗari cikin duk waɗanda aka ba ka. Zafi ba shi ne ciwonka ba, sakin gaɓar ne, kuma ƙwaya ba ta ɗaure gaɓa, bandeji ma haka. Kowace gocewa tana iya ƙara yaga wani abu. In ya matsa, ka tuna masa Virgil van Dijk na Liverpool. ACL ɗinsa ta tsinke a wasansu da Everton a watan Oktoba na 2020, aka yi masa aiki, kuma duk da likitocin da ke kewaye da shi bai sake buga wasa a wannan kakar ba, sai bayan wata tara ya dawo. Ka kuma kiyayi masu miƙa maka tiramadol a bakin fili, matasa da yawa ta ƙofar ciwo irin naka suka shiga shaye-shaye.

Yarinyar nan ka gaya mata, kuma cikin makon nan. Ɗingishi ba ya ɓoyuwa, gara ta ji daga bakinka. Gwiwar nan da ita za ka ciyar da yarinyar, don haka kuɗin da ka kashe a kan gwiwar ba ka ɗauke shi daga aurenku ba. Manya za su iya zama a rage kayan lefe ko a ɗaga biki da wata biyu ko uku, ba yau aka fara ba. Kafin ka taɓa kuɗin gaba ɗaya, ka nemi 'yan kulob ɗinku su yi karo-karo, a filinsu ka ji ciwon, kuma wannan ne taimakon da ya kamata koci ya jagoranta. In kana adashi, ka roƙi a ba ka ɗauka da wuri. Ka tambayi farashi a wuri biyu ko uku. In duk da haka kuɗin bai haɗu ba, ka faɗa wa likitan ƙashi ƙarara, ka tambaye shi mako nawa za ka iya jira ba tare da cutarwa ba, ka kuma roƙi ya tura ka sashen gashin ƙashi ka fara tun yanzu. Ko da aiki za a yi, sai an dawo da ƙarfin cinya da miƙewar gwiwa tukuna, saboda haka ba asara.

Kafin ranar ganin likita, ka tafi a miƙe, ban da juyi a kan ƙafar dama, ban da tsalle, ban da ɗaukar buhun siminti ko katan ɗin tayil a bene. In ta kumbura bayan zirga-zirga, ka naɗe ƙanƙara a tsumma ka ɗora na minti 15 zuwa 20, ka ɗaga ƙafar a kan matashi. Kana zaune ƙafa a miƙe, ka riƙa ƙanƙame tsokar cinya kana sakewa, domin ɗaurin mako uku ya riga ya rage mata ƙarfi, in ka gwada kaurin cinyoyinka biyu za ka gani. A wurin aiki ka koma awo da yanka a tsaye a kan tebur, yaronka ya yi durƙuson. Salla kuma ka yi ta a kan kujera ba tare da jin nauyi ba. Hadisin Imrana ɗan Husaini da ke cikin Bukhari ya ba mara lafiya izinin yin ta a zaune in tsayuwa ta gagara, malamai kuma sun ce wanda sujada ta gagara ya yi nuni. Tsugunno a bayan gida ma ka nemi abin zama.

Abu huɗu ne ba a jira musu ranar asibiti: gwiwar ta sarƙe ta ƙi miƙewa gaba ɗaya, tsokar bayan ƙwaurin ta kumbura tana ciwo, gwiwar ta yi zafi jajir tare da zazzaɓi, ko tafin ƙafar ya mutu ko ya yi sanyi. In ka ga ɗaya daga ciki, ka tafi sashen gaggawa a ranar, ko da dare ne.

Ranar da za ku je, ka ɗauki hoton ƙashin farko da takardar da likitan nan ya rubuta, ka sa wando mai faɗi da za a iya naɗe shi har cinya, kuma ka rubuta a takarda sau nawa gwiwar ta goce, sau nawa ta sarƙe, da abin da kake yi a lokacin. Ka gaishe mini da Baba. Allah ya ba ka lafiya, in kun dawo ka rubuto mini abin da likitan ya ce.